Yadda Ake Mayar da Kundin Ƙa'idojin Magani Dokokin da Kwamfuta Ke Ganewa

Kundin ƙa'idojin magani, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ko Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke fitarwa, don likita aka rubuta shi. Likita kuwa idan ya ci karo da jumlar da ba ta cika ba, da abin da ya sani yake cikasa ta, ko a jikinsa. Kwamfuta ba ta da wannan baiwar. Kamar sabon yaron shago take a kasuwar Mile 12 ta Legas: abin da ka faɗa masa shi zai yi, wanda ka ɗauka ai ya sani kuwa, sai ka dawo ka tarar ko taɓa shi bai yi ba. Aikin da zan nuna maka shi ne bin kundin jumla-jumla, ana yi wa kowace gaɓa alamar abin da take nufi, a ɗaura ta da lambar da duniya ta amince da ita, sannan a fitar da dokokin "idan kaza, to a yi kaza" waɗanda manhajar asibiti za ta iya bi.

Matasanmu masu aikin bayanai a Yaba da Ikeja suna yawan tambayar ta ina ake farawa, musamman tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarinta na SMART Guidelines a 2021. Tsarin ya kasa aikin hawa biyar. Namu yana tsakanin hawa na farko, wato kundin da mutum ke karantawa, da na biyu, inda ake da jadawalai da ƙamus na bayanai, da na uku, wanda na'ura ke karantawa. Da zazzaɓin cizon sauro zan riƙa misali, don kowa ya san shi. Amma alƙaluman magani da za ka gani nan don koyon aiki ne, ba don ka ba wani magani da su ba.

Kayan aiki

Da farko, kundin kansa, sabon bugu, daga shafin hukumar da ta fitar da shi. Wanda ya yi ta yawo a WhatsApp ba abin dogaro ba ne, sau da yawa tsohon bugu ne ko an yanke masa shafuka.

Sai kwamfuta. Ba ka buƙatar mai tsada. Ta hannu daga Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta isa, in dai batirinta na riƙe caji, don a garin nan ba a sanar da kai kafin a ɗauke wuta.

Sai manhajar sa alama. Ni INCEpTION nake so, wadda jami'ar fasaha ta Darmstadt a Jamus ta ƙera. Kyauta ce, tana aiki a kan kwamfutarka ba sai da intanet ba, tana barin mutum biyu su yi wa rubutu ɗaya alama kowa daban, ta kuma kwatanta aikinsu. Sai ka fara sa Java tukun, wato manhajar da take dogara da ita wajen aiki. Akwai brat, tsohuwa ce amma ba ta da nauyi. Akwai doccano da Label Studio, waɗanda suka fi sauƙin koyo. Idan duk sun gagara, Excel ma na iya ɗaukar ƙaramin aiki: jumla ɗaya a kowane layi, nau'o'in alama a ginshiƙai.

Sai kundayen lambobi: ICD-11 na cututtuka, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, ko ICD-10 idan shi asibitin ke amfani da shi har yanzu; LOINC na gwaje-gwaje da awo; ATC na magunguna; UCUM na ma'aunai. SNOMED CT ya fi su faɗi duka, sai dai yana da batun lasisi, don haka ka tabbatar da matsayin ma'aikatarku kafin ka gina aiki a kansa. Protégé ta jami'ar Stanford za ta yi maka amfani idan aikin ya kai ga tsara dangantakar ma'anoni.

Na ƙarshe, wanda ya fi duk waɗannan: likita, ko nas, ko ungozoma, mai duba irin waɗannan marasa lafiya a kullum, wanda ya yarda ya ba ka awa ɗaya ko biyu a mako. In ba ka da shi, kada ka fara.

Mataki na 1: Ka yanki ƙarami

Kada ka ce za ka yi wa kundin maleriya alama daga bango zuwa bango. Zaɓi tambaya ɗaya, misali "wane magani za a ba wanda gwaji ya tabbatar yana da maleriya marar tsanani, kuma nawa?" Rubuta ta a saman takarda, tare da wanda zai yi amfani da amsar. Ma'aikacin ƙaramin asibiti a Agege da likitan asibitin koyarwa a Idi-Araba ba kayan aiki ɗaya ke gabansu ba, don haka ba doka ɗaya za a nuna musu ba.

A nan kuma za ku yanke wane kundi ke gaba. A asibitocin Nijeriya, ƙa'idar ƙasa ce ake bi. Ta Hukumar Lafiya ta Duniya ka ajiye ta gefe don kwatance, duk inda suka saɓa ka rubuta.

Mataki na 2: Ka ciro rubutun, ka tsabtace shi, ka kulle

Mafi yawan kundayen nan PDF ne. Ƙaramar manhaja irin pdftotext za ta ciro maka rubutun. Idan hoton shafuka ne kawai, sai Tesseract ta karanta. Ko wacce ka bi, sai ka zauna ka kwatanta abin da ya fito da na asali, musamman lambobi. Alamar "ƙasa da" da ta "daidai ko sama da" su ne suka fi ɓacewa ko rikiɗewa. Ɗigon da ke cikin 2.4 ma yakan tafi, ka wayi gari da 24. Jadawali kuwa kada ma ka wahalar da kanka, yawanci a hargitse yake fitowa, da hannu za ka sake buga shi. Ka kuma bi ƙananan bayanan ƙasan shafi, don can ake ɓoye togaciya.

Ka ba kowace shawara lamba ta kanta, ka rubuta shafin da take. Daga nan ka kulle fayil ɗin. Waɗannan manhajoji da ƙidayar haruffa suke gane inda alama take: daga harafi na kaza zuwa na kaza. Ka ƙara waƙafi ɗaya a sama bayan an fara aiki, duk alamomin da ke ƙasa sun goce.

Mataki na 3: Ka tsara nau'o'in alama kafin ka buɗe manhaja

Takwas sun ishe ka farawa: wane ne mara lafiyar, sharaɗi, aikin da za a yi, magani, yawansa, lokaci, togaciya, da ƙarfin shawara. Sai dangantaka uku ko huɗu: wannan sharaɗi na wannan aiki ne, wannan yawa na wannan magani ne, wannan togaciya ta soke wannan aiki, wannan na gaba da wannan. Masu GEM, tsarin sa wa kundayen ƙa'idojin magani alama na jami'ar Yale, wanda ya fito a 2000, sun jero fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma yana da kyau ka leƙa shi. Amma sabon shiga da ya fara da nau'i arba'in, rabinsu ba zai taɓa amfani da su ba, sauran rabin kuma gardama zai yi ta yi da abokin aikinsa a kansu.

Kowane nau'i ka rubuta masa ma'ana a jumla ɗaya, da misali biyu na abin da ya shiga, da ɗaya na abin da ya yi kama amma bai shiga ba. Wannan takarda ita ce alƙalinku. Idan a ofis akwai Bayarabe da Inyamuri da kai, kamar yadda aka saba a nan, ku daidaita kan sunaye ɗaya. Ka kuma guji haruffa masu ƙugiya a sunan fayil da sunan alama, wasu manhajojin na shaƙewa da su.

Mataki na 4: Sa alama

A INCEpTION ka buɗe sabon aiki, ka ɗora rubutun, ka ƙirƙiri shimfiɗa biyu: ɗaya ta gaɓoɓin rubutu, ɗaya ta dangantaka. Sai ka ja linzami a kan kalmomi ka zaɓi nau'insu, ka ja layi daga wata alama zuwa wata.

Ga shawarar rigakafin maleriya ga masu juna biyu, yadda ma'anarta take: a yankin da cutar ke yawo, a ba mai juna biyu sulfadoxine-pyrimethamine tun farkon watanni uku na biyu, ba kafin mako na 13 ba, a bar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, da nufin ta samu aƙalla sau uku. "Mai juna biyu" ita ce mara lafiyar. "Yankin da cutar ke yawo" sharaɗi ne. Sunan maganin magani ne. Lokaci kuwa iri biyu ne a nan, kuma kada ka dunƙule su: akwai lokacin farawa, akwai tazara. "Aƙalla sau uku" buri ne, ba iyaka ba. Na ga manhajar da ta daina tunatar da ungozoma bayan sha na uku, don kawai mai sa alama ya ɗauki ukun nan a matsayin ƙarshe.

Togaciyar wannan shawara ba a cikin jumlar take ba. Can gaba za ka tarar cewa matar da ke shan cotrimoxazole kullum, kamar masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV, ba a ba ta wannan maganin. Dole ka ja layi daga can zuwa nan. Shi ya sa nake karanta babi gaba ɗaya sau biyu kafin in sa alama ko ɗaya.

Abu uku ka kiyaye. Na ɗaya, kore: "babu alamar tsanani" ba ɗaya yake da "alamar tsanani" ba, kuma idan ka bar "babu" a wajen alamarka, ka juya dokar. Na biyu, "da" da "ko": jerin alamun maleriya mai tsanani, irin su gushewar hankali, kasa zama ko tsayuwa, jijjiga fiye da sau biyu cikin awa 24, ɗaya kawai ake buƙata, ba duka ba. Na uku, ƙarfin shawara. Kundayen Hukumar Lafiya ta Duniya na bin tsarin GRADE, inda shawara ke zama ko dai ƙaƙƙarfa ko mai sharaɗi. Ta farko manhaja na iya gabatar da ita kai tsaye. Ta biyu sai dai ta miƙa wa ma'aikaci zaɓi. Ka mayar da mai sharaɗi ta zama dole, ka sa wa masu kundin magana a baki.

INCEpTION za ta fara kawo maka shawarar alama bayan ta ga aikinka na ɗan lokaci. Tana rage wahala, amma da gajiya ta kama ka, sai ka ga kana amincewa da duk abin da ta kawo. Idan ka lura hannunka ya fi idonka sauri, tashi ka sha shayi.

Mataki na 5: Ɗaura kowace alama da lambarta

Kalma ɗaya na iya zuwa da fuska uku a kundi ɗaya, lamba ce ke haɗe su. Maleriyar falciparum a ICD-10 tana ƙarƙashin B50, a ICD-11 kuma 1F40. Artemether da lumefantrine, haɗin maganin maleriya, a ATC su ne P01BF01. Nauyin jiki a LOINC 29463-7 ne, zafin jiki 8310-5.

Inda mutane ke zamewa shi ne ma'auni. Ƙarancin sukarin jini da ke nuna maleriya ta yi tsanani shi ne ƙasa da 2.2 a ma'aunin mmol/L, wanda ya yi daidai da ƙasa da 40 a ma'aunin mg/dL. Na'urar gwajin da ke wannan asibiti na iya nuna wancan, ta wancan asibiti ta nuna wannan. LOINC ma lamba daban-daban ya ba su: 15074-8 da 2339-0. Dokar da ta ce "ƙasa da 40" ba tare da ma'auni ba, a asibitin da ke awo da mmol/L kowa zai zama mai ciwo mai tsanani a wurinta. Wadda ta ce "ƙasa da 2.2" a asibitin mg/dL kuwa ba za ta taɓa yin ƙara ba, wannan ya fi muni.

Idan ba ka samu lambar da ta dace daidai ba, kada ka tilasta wa wadda ke kusa. Ƙirƙiri taka ta cikin gida, ka rubuta ma'anarta, ka nuna wacce ce ta duniya mafi kusa da ita, da ko ta fi ta faɗi ko ƙunci. Masu aiki da OpenMRS, manhajar adana bayanan marasa lafiya, su fara duba ƙamus ɗin CIEL na kalmomin lafiya da lambobinsu, wataƙila an riga an yi musu aikin.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa, ka yi amfani da su wajen nemo kalmomi in kana so, amma duk lambar da suka ba ka sai ka buɗe shafin kundin lambobin ka gan ta da idonka. Sukan ƙago lamba mai kama da ta gaske, su faɗe ta babu ko inda-inda.

Mataki na 6: Mutum biyu, rubutu ɗaya

Ku ɗauki shafuka goma, kai da abokin aikinka kowa ya yi nasa ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. Manhajar za ta lissafa muku yawan dacewa, da ma'aunin kappa na Cohen ko wani irinsa. Lambar ba ita ce abin kallo ba, wuraren saɓanin su ne. Yawanci za ku ga laifin takardar ma'anoni ne, ba na mutum ba: ɗaya ya haɗa "aƙalla" cikin alamar lokaci, ɗaya ya bar shi waje. Ku gyara takardar, ku sake wasu shafuka goma. In kai kaɗai ne, ka yi aikin, ka ajiye shi mako guda, ka sake yi a sabon kwafi ka kwatanta. Bai kai na mutum biyu ba, amma ya fi babu.

Mataki na 7: Jadawalin hukunci, da littafin giɓi

Nan ne aikin yake. Ka zuba alamominka a jadawali: ginshiƙan hagu sharuɗɗa, na dama abin da za a yi, na ƙarshe lambar shawara da shafinta. Duk layin da ba shi da shafi, daga kanka ya fito, cire shi.

Ga na artemether-lumefantrine, ƙwaya mai miligram 20 na artemether da 120 na lumefantrine, sau biyu a rana har kwana uku. Daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya ɗaya. Daga 15 zuwa ƙasa da 25, biyu. Daga 25 zuwa ƙasa da 35, uku. Daga 35 zuwa sama, huɗu. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi, babu ramin da yaro zai faɗa tsakanin layi da layi. Amma za ka tarar da takardu da allunan bango da suka rubuta 5 zuwa 14, sai 15 zuwa 24. Da irin wannan ka je wa likitanka.

"Dakta, yaro mai kilo 14.6 fa?"

"Ai ƙwaya ɗaya ce, Malam."

"Na yarda. A ina aka rubuta?"

Sai ya ja takardar ya duba, ya ga ba a rubuta ba. Shi ya san amsar, kwamfuta kuwa da ta ga 14.6 shiru za ta yi, ko ta faɗa wani layin da bai dace ba. Wannan shi ne giɓi, kuma kowane kundi cike yake da su. Ka buɗe littafi na musamman: lambar shawara, abin da ya ɓace, wanda ya yanke hukunci, ranar da ya yanke, da hujjarsa. Kai ba ka cike giɓi, ko da kana ganin amsar a fili take. Wanda ya shafi yawan magani kuwa, bakin likita ɗaya ma bai isa ba, a nemi hujja a rubuce ko a kai wa kwamitin asibiti.

Giɓin da za ka fi haɗuwa da su: jaririn da bai kai kilo 5 ba, kalmomi irin "nan da nan" da "akai-akai" da "idan hali ya yi" waɗanda ba su da adadi, jumlar da ta ce a yi abu ba ta faɗi wa zai yi ba, da abin da za a yi idan maganin ya ƙare a kantin asibiti. Ka duba iyakoki da kyau a maleriya mai tsanani ma: allurar artesunate miligram 2.4 ce a kowane kilo na nauyin jiki, amma yaron da bai kai kilo 20 ba 3 ake ba shi a kowane kilo. Mai kilo 20 cif yana wajen 2.4.

Sai babban cikinsu: "ba a sani ba". Kowane sharaɗi amsa uku gare shi, e, a'a, da ba a rubuta ba. Gurbin juna biyu da aka bari fayau ba ya nufin matar ba ta da ciki, yana nufin ba a tambaye ta ba. Gurbin nauyi da ba a cike ba, wataƙila sikelin ne ya lalace. Kowane jadawali ka ba shi layin da ke cewa "a tambaya" ko "a auna tukun".

Tun da samun likita a Legas sai da dabara, kada ka riƙa kiransa kan tambaya ɗaya-ɗaya. Tara su, ka tura masa kwana biyu kafin zama, kowace da shafinta. Wanda ya fito daga duba marasa lafiya, ga cunkoson hanya na jiransa, ba zai karanta maka babi ba, amma zai amsa tambaya goma masu kaifi cikin rabin awa.

Mataki na 8: Mayarwa harshen na'ura

Idan jadawalin ya tsaya da ƙafarsa, wannan ba ya da wuya ga mai rubuta manhaja. Tsarin SMART Guidelines na amfani da FHIR na ƙungiyar HL7 wajen siffanta bayanai, da harshen CQL wajen rubuta dokokin. CQL ya san amsa ta uku, wato babu bayani, amma sai an faɗa masa abin da zai yi da ita. Idan ba ku kai nan ba, jadawalin Excel mai tsabta, da ƙamus na bayanai, da littafin giɓi, sun isa a miƙa wa duk wanda zai gina manhajar. Kafin ka fara naka, ka sauke wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na awon ciki a 2021 ka ga yadda suka jera ginshiƙansu.

Mataki na 9: Gwaji da marasa lafiya na ƙage

Kada ka ɗauko katin mutanen gaske. Dokar kare bayanan sirri ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ba ka ma buƙatarsu. Ƙirƙiri naka, ka jera su a bakin kowace iyaka: kilo 14.9, 15, 15.1, ciki mai mako 12 da kwana shida, da mai mako 13 cif, mace mai cotrimoxazole, yaron da ba a auna ba, sukari 39 da ma'auni, da 39 babu ma'auni. Likita ya rubuta amsarsa ga kowanne kafin ya ga ta kwamfuta, sannan a kwatanta. In ya fara ganin ta kwamfuta, zai iya gyaɗa kai kawai.

Mataki na 10: Ka rubuta bugu, ka sa ranar dawowa

Ƙa'idoji na canzawa. Shekaru da dama, mai juna biyu a watanni uku na farko kwinin da clindamycin ake ba ta na kwana bakwai idan maleriyar ba ta yi tsanani ba. A ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma ba da shawarar artemether-lumefantrine. Manhajar da aka gina kafin nan, in ba a san wace jumla ta haifi wace doka ba, sai an tone ta gaba ɗaya. Wanda ya kiyaye ginshiƙin shafi kuwa, layi biyu ko uku zai nema.

Don haka kowane fayil ya ɗauki sunan kundi, shekarar bugu, da bugun kundin lambobin da ka yi amfani da shi, tun da su ma ana sabunta su. Fitar da alamominka daga manhajar duk ƙarshen mako, ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a wajen ofis. Idan sabon bugu ya fito, kada ka ɗora shi kan tsoho: buɗe sabon aiki, ka kwatanta rubutun biyu jumla da jumla, ka sake alamar abin da ya canza kaɗai, sannan ka maimaita gwajin mataki na 9 gaba ɗaya, har da layukan da kake ganin ba a taɓa su ba.